Notin da Yaya Ya Ɗaure

Moton ya mutu mini ne a kan hanyar Kiéché, da yamma, ina dawowa daga gaisuwar mutuwa. Bai yi ƙara ba, bai yi hayaƙi ba. Tari kawai ya yi kamar wanda tuwo ya shaƙe, sai ya yi shiru. Na taka, na taka, har cinyata ta fara rawa. Da amalanken jaki aka shigo da mu Dogon Dutsi, ni da moton, muna bisa karan gero, duk wanda muka wuce sai ya tsaya ya yi mini sannu yana danne dariya.

Moton, wato babur ɗin, ba nawa ba ne. Na Yaya ne, babban wanmu, ɗan farin Inna. Kabu-kabu ya yi da shi shekaru, kuma shi yake gyara abinsa da hannunsa, domin ya taɓa zama a garaji kafin ya samu na saye. Da abubuwa suka yi tsauri sai ya kafe moton a zaure, ya rufa masa tsohon bargo, ya bi hanyar Agadas, ya ce Aljeriya zai shiga. Da farko yana kira. Daga baya wayar ta daina shiga. Waɗanda suka dawo daga can kowa da irin labarinsa: wani ya ce ya gan shi yana aikin gini, wani ya ce an kwashe su a mota an zubar a bakin iyaka, wani ya rantse ya ƙetare ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ba mu san wanne za mu kama ba.

Inna ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba. Wanda bai san mu ba zai ce ba ta damu ba, amma mu mun san kunyar ɗan fari ce. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. In za ta ba shi abinci sai ta ce a kai wa wancan. Da ya sayi moto sai ya zama "mai moton ga". In an zo da labari takan ci gaba da tankaɗenta kamar zancen farashin gishiri ake, mu kuma mu rage murya don ta ji ba tare da an ga tana saurare ba. Abu ɗaya ne ba ta fasa ba: kullum da safe sai ta share ƙarƙashin moton, ta gyara bargon.

Ni mushe ne, malamin lakkol, makarantar boko ke nan, na kwantaragi, kuma an tura ni wani ƙauye gaba da Ɗan Kassari inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, ita ma in direba ya ga dama. Shi ya sa na yaye bargon nan na fara hawa. Ban nemi izini ba, Inna ba ta hana ba. Iyakarta in zan fita ta ce, "A yi hankali da kayan mutane." Da moton nake zuwa, da shi nake dawowa ƙarshen mako in duba ta. In babu shi babu aikin, kuma ga hutu ya ƙare, ana shirin komawa aji.

Washegari na ce zan tura shi garaji. Inna ta ce moton ba zai kwana a waje ba. Na yi ta bayani, ta yi ta kallon bango. Dole na je na ɗauko bakanike, abokin Yaya ne tun suna koyon aiki, dogo mai yawan magana da kansa. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya gaida Inna har ƙasa, ya zauna a zaure ya cire buji, wato fulogi, ya gwada, ya girgiza kai.

"Mushe, bobin na ya ƙone," in ji shi. "Ba shi ba buji wuta."

Ya buɗe murfin injin na hagu ya nuna mini. Akwai wani ƙarfe mai kama da kwanon sha, maganeto, wanda ke juyawa in injin yana aiki. Bobin ɗin, wato naɗin wayar da ke haifar da wuta, yana bayan kwanon. Sai an cire kwanon a kai gare shi, kwanon kuma noti ɗaya tak ne ya riƙe shi a tsakiya, kansa bai fi ɗan yatsana kauri ba.

"Abu mai sauƙi na," ya ce. "Kahin la'asar kana bisa hanya."

Na tuna wannan maganar sau da yawa a kwanakin da suka biyo baya, kuma kowane lokaci sai na ji kamar in shaƙe shi.

Matsala ta farko, in ka murɗa notin, kwanon ma sai ya biyo shi, injin duka ya juya. Bakanike ya ce in hau in sa bitas, wato giya, in taka birkin baya da duk ƙarfina. Na hau, na taka. Ya sa kile, sifana ke nan, ya ja, moton ya yi gaba da ni har ƙafar gaba ta daki bango. Noti bai motsa ba. Sai ya aiko a yanko masa guntun igiyar jaki, ya tura ta cikin ramin buji a hankali har ta cika, ya ce yanzu fistan zai danne igiya ya tsaya cak, ba abin da zai juya. Gaskiyarsa, injin ya tsaya. Ya sake ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya zura bututun ƙarfe a kan kilen don ya ƙara tsawo, ya rataya a kai kamar mai ɗebo ruwa a rijiya. Kilen ne ya lanƙwashe.

Ya zauna a ƙasa yana haki, yana kallon notin.

"Wa yaɗ ɗaure wanga abu?"

Daga cikin gida muka ji muryar Inna, ashe tana bayan zana tun ɗazu. "Mai shi yaɗ ɗaure abinai."

Bakanike ya ce tsatsa ce. Ya ce ruwan damina ya shiga, ya ce a jiƙa shi ya kwana. Muka kwantar da moton a kan tsohuwar taya, muka zuba wa notin kananzir. Da safe muka gwada, shiru. Muka zuba man birki. Wani ya ce baƙin lemon kwalba yana cin tsatsa, na saya na zuba, ƙudaje suka cika zauren, noti yana nan yadda yake.

Zaurenmu yana bakin hanyar masallaci, don haka kafin a jima kowa a unguwar ya zama bakanike. Wani tsohon direba maƙwabcinmu ya tsaya da sandarsa ya ce mu duka ba mu san komai ba, irin waɗannan motocin a baibai ake ɗaure notinsu, in kana son kwancewa dama za ka murɗa, ba hagu ba. Bakanike ya ce ƙarya ne. Tsoho ya ce tun ba a haife shi ba yake kwance inji. Suka yi ta yi har shi bakaniken ya fara shakkar kansa, muka juya kile muka ja dama rabin yini. Da bai motsa ba sai aka ce to ai mun ƙara ɗaure shi ne, a koma hagu. Daga nan na daina sanin ko kwancewa muke ko ɗaurewa. Ko da na kwanta sai in ɗaga hannu sama ina murɗa iska, ina tambayar kaina ina ne hagu.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne Inna. Ni a tunanina za ta damu, tunda ta san aikina a kan moton nan yake. Sai na ga akasin haka. Matar da ta daɗe ba ta cin abin kirki ta fara cinye tuwonta. Ta dama wa bakanike fura da nono mai kauri, tana yi masa sannu da aiki da wata irin murya mai sanyi. Duk lokacin da muka ja muka kasa, sai in ji ta koma cikin gida da sauri, har na taɓa jin tana ɗan rera waƙar daka. Na ce ko tsufa ne ya fara taɓa ta.

Ƙanena ne ya kawo amsar. Shi ɗan kasuwa ne, yana da shagon kayan waya a bakin kwalta, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ba ya wasa da karatun da suke yi a masallacinsu bayan asuba. Mutum ne mai kirki amma ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya shigo da azahar fuskarsa a murtuke, ya ja ni gefe. Ya ce matan ƙauyen su Inna sun zo shagonsa sun yi suɓul da baka. Ashe tun bara Inna ta je wajen yayarta, wadda ke bori a can ƙauye, ta tambaye ta labarin Yaya. Aka yi abin da ake yi, Doguwa ta hau, ta ce yaron ya bar hannunsa a kan wani abu a cikin gida, kuma muddin ba a kwance abin da ya ɗaure ba, yana nan da ransa.

"Ka gane yanzu?" in ji shi. "Notin ga na. Vraiment, gaskiya, kai kana nan kana zuba lemo, ita tana can tana murna."

Bai tsaya ya ji ta bakina ba, ya wuce cikin gida. Ina jin sa yana cewa, "Inna, ki ji tsoron Allah. Wanga shirka ta. Ƙarhe na, ƙarhe ba shi riƙe ran kowa. Rai hannun Allah shi ke." Ya jawo aya, ya jawo hadisi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni ma na sani. Sai da ya gama Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ya fito a fusace ya karɓi guduma da kurfi daga jakar bakanike. Ya ce yau sai ya fitar da notin nan ko don Inna ta ga ba komai a ciki. Ya kafa kurfi a gefen kan notin ya fara duka. Bakanike yana cewa a hankali, a hankali, shi yana ƙara ƙarfi. Kurfin ya zame ya yanki bayan hannunsa, jini ya ɗiga a kan kwanon maganeton. Wata tsohuwa da ke wucewa ta leƙo, ta ga jinin, ta riƙe baki ta ce, "Doguwa ta sha abinta," ta yi gaba da sauri. Ƙanena ya bi ta da harara kamar zai tashi sama.

Bakanike ya ƙwace gudumar. Ya goge notin ya nuna mana: kusurwoyin kan sun fara cinyewa, kile ya kusa daina kamawa.

"Ja guda ya rage muna," ya ce. "In ya zame, kan ya mulmule, sai a huda shi. In an huda an taɓa sandar injin, to moton ya tashi aiki. Ni ban ƙara taɓa shi sai na san mi ka riƙe da shi."

Ya tattara kayansa ya tafi. Ƙanena ma ya tafi ɗaure hannu. Aka bar ni ni kaɗai da moton a kwance.

Ban yarda da zancen Doguwa ba. Na yi karatu, ina koya wa yara yadda ruwan sama ke samuwa, ina salla a sahun gaba. Amma da na ɗauki kilen na ɗora a kan notin, don in ji kawai ko yana kamawa, sai na ga hannuna ba ya son ja. Na tuna cewa mutumin da ya taɓa wannan ƙarfen na ƙarshe Yaya ne. Ƙarfin da ke cikin notin nan nasa ne, na damtsensa, yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage mana nasa da bai saki ba. Sai na fara tunanin ko duk jan da na yi a kwanakin nan da rabin zuciya na yi shi. Har yau ban sani ba. Na so notin ya fita, na kuma ji tsoron ya fita, na rasa wanne ne ni a cikin biyun.

Ana cikin haka direktan lakkol ɗinmu ya kira. Ya ce an buɗe, yara suna zaune ba malami, iyaye sun fara magana. Ya ce yana ƙaunata, amma in Litinin ta yi bai gan ni ba, dole ya sanar a sama, kuma akwai masu jiran gurbi da yawa. Na ce masa noti ne ya ƙi fita. Ya ce, "Noti?" Na ji yadda maganar ta fito, ni kaina na ji kamar ƙarya nake.

Na shiga cikin gida kafin magariba. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Ban yi niyyar faɗin komai ba, amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce za a ba wani ajina. Na ce na gaji da zama a zaure ina kallon ƙarfe kamar mai jinya. Na ce in aikin nan ya kuɓuce ba zan zauna a garin nan ina cin tuwonta a banza ba, ni ma Agadas zan bi, tunda dai hanyar ba a rufe take ba.

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta ɗago ba. Can ta ci gaba da tsincewa, tana jefar da masu kyau tana barin tsakuwa, ba ta ma lura ba. Ni kuma na fita, ina jin haushin kaina, ina jin haushinta, ina jin haushin Yaya da ya ɗaure abu kamar ba za a sake kwancewa ba. Ko da gaske nake zan tafi? Wannan ma ban sani ba. Na dai san lokacin da na faɗa ban ji ƙarya a bakina ba.

Da hantsi washegari ta ce in kira bakanike, in kira ƙanena. Na ce me za a yi, ta ce in kira su dai. Muna zaune a zaure muna kallon juna sai ga ta ta fito da kasko cike da garwashi, ta riƙe shi da tsumma, a ɗaya hannun kuma wani guntun ƙarfe da take tona wuta da shi. Ta ajiye a gaban bakanike. Ba ta saba zama a zaure cikin maza ba, amma ranar ta jawo kujerar tsuguno ta zauna.

"Ba tsatsa ba ta," ta ce. "Gam na."

Muka zuba mata ido.

Ta ce ana gobe zai tafi, a nan ya zauna, a daidai inda bakanike yake. Ita tana shara. Ya ce mata notin nan ya taɓa kwance masa a hanyar laterit, jar hanyar nan marar kwalta, saboda girgiza, har ya kusa kashe shi, kuma ba ya son ya kwance wa wanda zai hau bayansa. Ya ɗauko wani ɗan gam mai kama ƙarfe ya ɗiga a jikin notin kafin ya ɗaure.

"Yac ce mini, in ranar hidda shi ta zo, kak a buga, kak a ja. A gasa ƙarhe ya yi ja, a ɗora bisa kan, gam ɗin shi narke."

Bakanike ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce da ya san gam ne da tun ranar farko an gama, shi tsoron wuta yake kada ta kashe maganeton, shi ya sa bai kawo zancen ba. Ya ce, "Shi ɗin banza, halinai na, ko garaji haka shi ka yi muna," sai kuma ya yi shiru, don ya tuna gaban wa yake.

Na ce, "Inna, kin sani tun ranar hwarko?"

"Na sani."

"Kina kallonmu muna ta wahala? Kina kallon hannun wanga ya tsage?"

"Ina kallo," ta ce. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kare kanta ba. Ta dubi garwashin ta ce wa bakanike ya yi sauri kafin ya mutu.

Ya cire tankin mai ya kai can tsakar gida, ya goge duk kananzir ɗin da muka yi ta zubawa, ya ɗaga moton ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa, ya sake tura igiya a ramin buji. Ƙanena ya hau ya taka birki da hannunsa a naɗe. Aka tura ƙarfen cikin garwashi, Inna da kanta take fifita da faifai har bakinsa ya yi ja. Bakanike ya kama shi da filaya ya danna a kan notin. Ya huce, aka mayar, aka sake. Can sai wani siririn hayaƙi ya fara fitowa daga gindin notin, mai wari kamar an ƙona roba, mai shiga ido. Mu duka ukun hawaye suka zubo mana, muna ta murza ido. Inna, da ta fi mu kusa da kaskon, idonta a bushe yake.

Bakanike ya ɗora kile, ya daidaita shi da kyau a kan abin da ya rage na kusurwoyin, ya zura bututu. Ya dube ni.

"Mushe, ja. Hagu. Sannu."

Na kama bututun. Na kafa ƙafa, na tattaro duk ƙarfina kamar zan tumɓuke kututture. Na dubi Inna ko za ta ce a bari. Ba ta ce ba. Na yi bisimilla na ja.

Ko ƙara bai yi ba. Wani ɗan ƙas kawai na ji, bututun ya biyo ni, na tafi da baya na zauna a ƙasa daɓas. Bakanike ya ƙarasa kwance shi da filaya, notin ya faɗo ya gangara ya tsaya kusa da ƙafar Inna. Ɗan ƙaramin abu, baƙi, kansa duk a tauna, jikinsa da farin busasshen gam.

Ta sunkuya ta ɗauke shi da bakin zanenta, don da zafinsa. Ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo. Sai ta kira sunan Yaya. Ba da ƙarfi ba, kamar yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa ya zo ya ɗauki abinci. Sau ɗaya ta kira. Shekaruna duka ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har sai da na ji kamar sunan wani baƙo ne. Na rasa inda zan sa idona.

Na san ƙanena ya zo da magana a bakinsa. Na san ya shirya ya ce, to ga shi ya fita, me ya faru, sama ta faɗo? Bai ce ba. Ya sauko daga moton a hankali, ya ɗauki kaskon ya kai cikin gida, ya daɗe bai fito ba.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Kwanon ya fito, bobin ɗin kuwa ya ƙone ƙurmus kamar yadda aka ce, aka sa sabo. Tsohon notin ba zai koma ba tunda kansa ya lalace, kuma ko da zai koma ba wanda zai iya cewa Inna ta miƙo shi, don ta riga ta ƙulle shi a bakin zane. Bakanike ya laluba jaka ya fito da wani. Ya murɗa shi da yatsa har ya zauna, sannan ya miƙo mini kile yana murmushi, ya ce tunda ni ne mai hawa yanzu, in ɗaure abina da hannuna.

Na miƙa hannu zan karɓa.

"A'a," in ji Inna. Ta faɗa da ƙarfin da ya sa muka juya, idonta a kan bakanike. "Kai ɗaure shi. Shi kak ya taɓa."

Bakanike ya ce ai ba komai, ɗaurewa ce kawai.

"Na ce kai ɗaure. Kuma kak ka sa gam." Ta miƙe, ta ɗauki kujerarta. "Ban ƙara zama gadin hannun wani."

Bakaniken ne ya ɗaure. Taka ɗaya moton ya tashi, hayaƙi ya cika zauren, maƙwabta suka fara leƙowa, tsohon direba yana gaya wa kowa ai shi tun farko ya ce wuta za a sa. Ranar Lahadi da yamma na ɗaure jakata a baya na kama hanyar Ɗan Kassari. Da zan fita na tsaya ina jiran ta ce a yi hankali da kayan mutane. Ba ta ce ba. Cewa ta yi in na isa in kira.

Har yau ba mu ji labarin Yaya ba, ba na rai ba, ba na mutuwa ba. Inna ta daina share ƙarƙashin moton, bargon ma ta ba wani. Notin yana nan a bakin zanenta, in ta canza zane ta kwance ta mayar a sabon. Nawa kuwa, da ba gam a jikinsa, girgizar hanya takan sassauta shi, sai in ji injin ya fara ƙwanƙwasa ta hagu. Ina da kile a ƙarƙashin sirdi, na kuma iya ɗaurewa. Amma sai in lallaɓa a hankali har Dogon Dutsi in kai wa bakanike.